Amsoshin Tambayoyinku: Laima, Tsatsa da Bindigar da Ke Kulle a Cikin Sef

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato lalacewar bindiga a wurin da mai ita ya ɗauka ta fi samun tsaro. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu, kuma mun sakaya sunayen waɗanda suka aiko, domin ba hikima ba ce a shelanta wa duniya wanda ke da makami a ɗakinsa. Duk bayanin da ke tafe ya shafi wanda ya mallaki bindiga bisa dokar ƙasarsa ne, kuma kafin a taɓa ta domin dubawa ko shafa mai, wajibi ne a cire harsashi, a leƙa da ido a tabbatar babu komai a ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da bindigar farauta mai baki biyu wadda nake da lasisinta. Na sayi sef, wato akwatin ƙarfe na kulle kaya masu muhimmanci, mai kauri, irin wanda aka ce wuta ba ta cin abin da ke cikinsa, na goge bindigar na saka na kulle, ban sake buɗewa ba sai bayan wata huɗu. Da na ɗauko ta sai na ga ɗigo-ɗigon ja a jikin bututun, har da wani tabo mai kama da shatin babban yatsana. Ruwa bai taɓa shiga ɗakin ba. Daga ina tsatsar ta fito, alhali ƙofar sef ɗin a rufe take ruf?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shatin da ka gani na yatsanka ne kuwa, ba kama ba ce, kuma za mu dawo kansa. Abin da ya kamata a fara gyarawa shi ne zaton da yawancin masu sayen sef suke yi, cewa abin da ya gagari ɓarawo zai gagari laima. An ƙera sef ne domin ya tsare hannun ɓarawo da na yaro, wani kuma domin ya jure gobara na ɗan lokaci, amma ba a ƙera shi domin ya hana iska shiga ba. Akwai 'yar tazara tsakanin ƙofar da jikinsa, akwai ramukan da ake ɗaure shi da ƙasa ko da bango, akwai na shigar da waya, kuma ɗan layin nan da ake gani a gefen ƙofar sef mai jure wuta galibi ba ya toshe komai sai zafin gobara ya sa ya kumbura. Saboda haka iska tana kutsawa a hankali, amma idan ta shiga ba ta zagayawa, kuma babu halin da ya fi wannan cutar da ƙarfe.

Tsatsa ba ta jiran ruwan da ido zai gani. Ƙarfe da iskar oksijin da ruwa su ne ke haɗuwa su haife ta, kuma tururin da ke cikin iska ya ishe ta. Ana auna wannan laima da kashi cikin 100, wato yawan tururin da iska ke ɗauke da shi idan aka kwatanta da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin. Tun a shekarun 1930 wani masani ɗan Ingila mai suna W. H. J. Vernon ya nuna cewa tsatsa tana tafiyar hawainiya muddin laima tana ƙasa, sannan idan ta haura wajen kashi 60 zuwa 70 sai ta zabura, musamman a iskar da ke da ƙazantar hayaƙi. Shi ya sa masu adana tsofaffin makamai suke son laima ta tsaya a wajen kashi 50, zafi kuma a wajen digiri 21 a ma'aunin Salshiyas. A gida da wuya a sami wannan cif-cif, don haka abin da za ka sa a gaba shi ne ta zauna tsakanin kashi 40 da 50, kuma kada ta daɗe sama da 60.

A ganina ma hawa da saukar zafi sun fi laimar kanta ɓarna. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa a fili mai mita ɗaya ta kowace fuska, amma idan ta sauka zuwa digiri 20, iyakarta kimanin giram 17 ne. Ka ɗauka da rana zafi ya kai digiri 30, laima kuma kashi 70. Wannan iska tana ɗauke da wajen giram 21. Idan ta taɓa ƙarfen da ya kwana ya yi sanyi har digiri 20, ba ta da inda za ta kai rarar sai ta sauke ta a kansa, kamar yadda gumi ke keto wa kwalbar ruwan sanyi. Ƙarfe mai kauri yana da jinkirin ɗumama, saboda haka da hantsi, lokacin da ɗaki ya riga ya ɗauki zafi, bututun bindigarka yana nan da sanyin dare, kuma raɓar da za ta sauka a kansa ta yi ƙanƙantar da ko ka buɗe ba za ka lura da ita ba. Wata huɗu kwana 120 ke nan, kuma kowace safiya tana iya barin nata.

Abin mamakin shi ne ruwan da ke cikin iskar sef ɗin kansa bai taka kara ya karya ba, domin a sef matsakaici bai wuce cikin ƙaramin cokali biyu ba. Matsalar ita ce abubuwan da ke sake cika shi: kafet ɗin da aka manna a ciki, katakon kantoci, takardun da ake cusawa, jakunkunan bindiga, da bangon sef ɗin. Yawancin sef masu jure wuta ana jera musu allon jifsam ne a ciki, irin wanda ake yin silin da shi, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne da ke ɗaure a jikinsa, wanda gobara ke mayarwa tururi ya rage zafin ciki. Wannan ruwan ba ya fita a zafin ɗaki, amma allon yana shan laima yana kuma fitarwa kamar soso. Akwai kuma ƙananan sef na adana takardu da ake cika bangonsu da wani haɗi mai danshi, har masu ƙera su kan rubuta a takardar umarni cewa a riƙa buɗe su suna shan iska, wasu ma su ce kada a saka makami. Ka nemo taka takardar ka karanta.

Sai ka duba inda ka girke shi. Daɓen kankare yana jawo danshi daga ƙasa yana kuma riƙe sanyi, don haka sef ɗin da ke zaune a kansa kai tsaye yakan fara tsatsa ta ƙasa. A sa roba mai kauri ko katako a tsakaninsu, a kuma toshe gefen ramukan da aka ɗaure shi. Bangon da ke fuskantar waje ya fi na tsakiyar gida sauyin zafi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da gareji da jikin bangon makewayi duk wurare ne da za a guje wa, haka ma ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya iska da dare a kashe da safe.

Game da yatsanka kuwa, gumin ɗan Adam yana da gishiri, gishiri kuma yana jan ruwa daga iska ya riƙe shi a daidai inda ya sauka. Baƙin launin nan mai sheƙi da ke jikin bututu, wanda mutane ke ɗauka fenti ne, wata irin baƙar tsatsa ce marar kauri da aka yi da gangan a masana'anta, kuma ba ta iya kare ƙarfe sai da taimakon mai. Ka goge bindigar, gaskiya ne, amma da hannu ka ɗauke ta ka jingina ta, wato taɓawar ƙarshe ta ɓata aikin. Nan gaba ka riƙe ta ta wajen katako, ko da ƙyallen da ka shafa man, ko ka sa safar hannu ta auduga.

Kafin ka sayi kowace irin na'ura, ka fara sayen ƙaramin ma'aunin laima mai batir, wanda ke nuna mafi yawa da mafi ƙarancin abin da ya gani, ka bar shi mako guda a ciki. Idan kana shakkar gaskiyarsa, ka cika murfin kwalba da gishiri, ka ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ba tare da ya narke ba, ka rufe shi tare da ma'aunin a cikin kwalba ko leda marar huji, ka bar su su kwana. Ma'auni mai gaskiya zai nuna kashi 75, kuma duk abin da ya ƙaru ko ya ragu a kan haka, shi ne kuskuren da za ka riƙa lissafawa.

Tambaya: Malam, na shiga ruɗani. Wani ya ce in tara ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, wani ya ce sandar lantarki mai ɗumama sef ta fi, wani kuma ya kawo mini wani kofin roba mai farin gari a sama, wanda ke tara ruwa a ƙasansa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Dukansu suna aiki, ɗan'uwa, amma ba aiki iri ɗaya ba, kuma ɗaya daga ciki bai kamata ya kwana kusa da bindiga ba.

Ƙwayoyin da ke cikin ƙunshin takalmi silika jel ne, kuma abu ne mai kyau, domin yana iya shan ruwa har kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa ba tare da ya jiƙe ko ya narke ba. Sai dai ƙunshin da ke cikin kwali 'yan giram kaɗan ne, kuma kafin ya zo hannunka ya riga ya ƙoshi. Abin da sef ke buƙata shi ne gwangwani ko jaka mai ɗaruruwan giram, wanda aka gauraya da ƙwayoyi masu sauya launi domin ka san lokacin da ya cika. Akwai mai launin shuɗi da ke komawa ruwan hoda, akwai kuma mai ruwan lemo da ke komawa kore. Na fi ba da shawarar na biyun, domin sinadarin kobalt da ke ba na farkon launi yana cikin abubuwan da hukumomin Turai suka sa a jerin masu haɗarin jawo ciwon daji. Idan launi ya juya, a zuba ƙwayoyin a faranti na ƙarfe, a sa a tanderu mai zafin wajen digiri 120 na awa biyu zuwa uku har launin farko ya dawo, a bar su su huce a cikin kwalba mai murfi, sannan a mayar. Akwai kuma irin wanda ke cikin gidan roba, da ake sa wa a soket ya bushe da kansa. Wannan sai a fito da shi daga sef kafin a sa shi a wuta, in ba haka ba ruwan da ya sha zai amayar da shi a inda ya ɗauko. Aibin silika ɗaya ne, shi ne mantuwa: wanda ya ƙoshi ba ya ƙara shan komai, kuma idan ya ji ɗumi yana iya mayar da wani abu daga cikin abin da ya sha, mai sef kuwa yana can hankalinsa kwance.

Sandar lantarki, wadda aka fi sani da sunan kamfani GoldenRod ko da yake akwai wasu masu yin irinta, ba ta cire ko ɗigon ruwa daga cikin sef, duk da cewa da sunan mai busar da iska ake sayar da ita. Ɗumamawa kawai take yi, da wuta 'yar kaɗan, domin ƙaramar wat 12 ce, babbar kuma ba ta kai wat 40 ba. Amma wannan ɗumin yana da amfani ta fuska biyu. Iskar da ke da laima kashi 70 a digiri 25, idan aka ɗaga ta zuwa digiri 28 sai laimarta ta sauko wajen kashi 59, alhali ruwan da ke cikinta bai ragu ba. Sannan ƙarfen da ya fi iskar ɗaki ɗumi, ko da digiri biyu ne, raɓa ba ta sauka a kansa. Ana kwantar da ita a ƙasan sef ne domin iska mai ɗumi ta tashi sama ta zagaya, kuma kada ta taɓa katakon bindiga ko kwalin harsashi, domin jikinta yana zafi har ya gagari riƙewa. Inda wutar lantarki ta tsaya dare da rana, ita ce mafi sauƙin magani, tunda ba ta buƙatar a tuna da ita. Inda kuwa wuta ke zuwa tana ɗaukewa, an gudu ne ba a tsira ba, domin sef ɗin zai riƙa ɗumama yana hucewa, abin da tun farko ake gudu; a nan silika ce madogara, sandar kuwa mataimakiya. Babu laifi a haɗa su, kuma a wuri mai yawan laima haɗawar ta fi.

Kofin mai farin gari kuwa kalsiyam kuloraid ne, wani nau'in gishiri da ke shan laima da ƙarfi har ya narke ya zama ruwa. Ruwan gishiri ke nan a ajiye tsakanin bindigogi, kuma ranar da gindin wata bindiga ya ture shi, ɓarnar dare ɗaya za ta fi ta shekara. Ka kai shi ɗakin ajiyar tufafi.

Kada kuma a wuce gona da iri. Idan laima ta daɗe ƙasa da kashi 30, katako yakan tsuke ya tsage, musamman a siririn wurin da hannu ke kamawa, sai ya zama ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu ya bar bindigar da yake ji da ita ƙwarai. Tana cikin jakarta ta fata mai laushi daga ciki, a cikin sef ɗinsa, kuma babu mai niyyar amfani da ita nan kusa. Ni ce babba, makullin yana hannuna. Shin in bar ta yadda ya bar ta?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙurin rashinsa. 'Yar'uwa, kafin maganar laima akwai ta doka: a ƙasashe da yawa lasisin bindiga na mutum ɗaya ne, ba ya bin gado, don haka ki tuntuɓi hukumar da ta ba shi izini ki ji abin da ake bukata daga magada. Sannan kada ki ɗauka babu harsashi a ciki, sai wanda ya san kanta ya buɗe ya tabbatar a gabanki.

Bayan haka, a fito da ita daga jakar. An yi jakar ne domin tafiya, domin ta kare bindiga daga ƙwarzanewa a mota ko a hanya, amma ba wurin kwana ba ce. Fata tana shan laima ta riƙe, kuma sinadaran jima da suka saura a jikinta suna cin ƙarfe. Koren dattin nan mai danƙo da ake gani a kan harsashin da ya daɗe a ɗamarar fata aikinsu ne a kan tagulla. Laushin da ke ciki, ko ulu ne ko soso, yana shanye man da ke jikin ƙarfe ya manna masa danshi a madadinsa, shi ya sa akan ga tsatsa ta fito da zanen soson da bindiga ta kwanta a kai. Idan ana son a rufe ta, akwai doguwar safa ta bindiga da aka jiƙa da silikon, wadda iska ke ratsawa amma ba ta riƙe ruwa. Akwai kuma leda da takarda da ake kira VCI, masu fitar da wani tururi da ke sauka a kan ƙarfe ya hana tsatsa kamawa. Suna aiki ne a rufaffen wuri, kuma ƙarfinsu yana ƙarewa, don haka a bi wa'adin da aka rubuta a jikinsu. Ledar kasuwa ta yau da kullum ba ta maye gurbinsu, domin duk laimar da aka ƙulle a cikinta a nan za ta zauna.

Tunda ajiyar mai tsawo ce, kuma bindigar tana da daraja a wurinku, na fi son kaki a kan mai ga jikinta na waje. Akwai wanda ake kira Renaissance Wax, da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan a shekarun 1950, kuma har yau masu adana kayan tarihi suna shafa shi a ƙarfe da katako, domin ba ya gangarewa, ba ya kuma kama ƙura. Cikin bututu ne za a bi da mai. Giris mai kauri irin Cosmoline, wanda sojoji ke dulmiya makamai a ciki domin ajiyar shekaru, yana aiki, amma wanke shi wahala ce da ba ta kama ku ba. Ko da an yi duk wannan, a riƙa buɗewa ana dubawa duk wata.

Tambaya: Ɗana, na shekara fiye da talatin ina farauta, kuma ban taɓa yi wa bindigata rowar mai ba. Duk sanda na dawo sai na fesa mata WD-40 har ya riƙa ɗiga, sannan in jingina ta. Yanzu katakon da ke manne da ƙarfe ya yi baƙi ya yi laushi, kuma duk da haka cikin bututun yana tsatsa. Mene ne kuskurena?

Amsa: Baba, ba rowa ka yi ba, kyautar ce ta yi yawa. Man da ke ɗiga ƙasa yake bi, kuma tunda a tsaye bindigar take, bakinta sama, sai ya gangara ta cikin ƙarfe ya taru a kan katako, inda shekaru suka sa ya jiƙa shi har ya yi baƙi ya rasa ƙwari. Abin da ƙarfe ke so shi ne shafa marar kauri, wadda za a ga sheƙinta amma yatsa ba zai kwaso ta ba. Masu dogayen bindigogi da yawa sukan jingina su baki ƙasa a kan roba mai tsabta saboda wannan dalili. Katakon da ya riga ya yi laushi kuwa a kai wa gwanin gyara ya duba, domin shi ne ke karɓar naushin harbi.

WD-40 an haɗa shi ne a San Diego ta Amurka a 1953, kuma ma'anar sunansa ita ce korar ruwa, haɗi na 40. Wannan aikin ya iya shi, don haka idan ruwan sama ya dake ka a daji, fesa shi dabara ce. Amma ba shi da kauri, yawancinsa yana bin iska, saboda haka bayan ya kori ruwan a goge shi, a bi da man bindiga na ainihi. Kada kuma a kulle bindigar da ta sha ruwa ko ta kwaso sanyin waje nan take. A warware abin da ke warwaruwa, a goge, a bar ta a wurin da yaro ba zai kai ba kuma idonka yana kanta har ta daidaita da zafin ɗaki, sannan a shafa mai a saka a sef.

Tsatsar cikin bututu kuwa ina zargin harsashinka. Wasu tsofaffin harsasai, musamman ragowar na soja, ɗan maɓallin da ke gindinsu mai tayar da wuta yana barin gishirin fotasiyam kuloraid a cikin bututu, haka kuma baƙin albarushi irin na da yana barin tokar da ke jan ruwa. Mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi, wato an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ruwan zafi ne ke wanke shi: a bi bututun da shi a ranar da aka yi harbin, a busar sarai, sannan a sa mai. Kafin harbi na gaba kuma a zura busasshen ƙyalle a kwashe man, domin mai ko giris da ya taru a bututu yana ƙara matsin harbi.

Tambaya: An ce mini idan na sayi bindigar farin ƙarfe marar tsatsa na huta da duk wannan. Haka ne?

Amsa: Ka rage wahala, amma ba ka huta ba. Abin da ke kare irin wannan ƙarfe shi ne sinadarin kuromiyam, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma nau'in da aka fi ƙera bindiga da shi bai wuce wannan iyaka da nisa ba, domin ana bukatar ya yi tauri. Gumi da iskar bakin teku suna iya huda shi. Ban da haka, sifirin da ƙananan ƙusoshin da ke ciki sau da yawa ƙarfe ne na yau da kullum, kuma su ne ke fara tsatsa a inda ido ba ya kai wa.

Tambaya: Malam, tawa ta riga ta yi tsatsa sama-sama. In goge da samfefa? Sannan harsasan da ke cikin sef ɗin, su ma in shafa musu mai?

Amsa: Kada ka kusance ta da samfefa, ɗan'uwa, domin gyaran gangar Auzinawa za ka yi: tsatsar za ta tafi tare da baƙin launin, ka bar farin ƙarfe tsirara wanda zai fi saurin kamawa. Ka jiƙa wurin da man bindiga ka bar shi ya kwana, sannan ka murza a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ko na tagulla, kana ƙara mai kana goge jan ruwan da ke fitowa da farin ƙyalle, domin ɓurɓushin tsatsa shi ma yana ƙwarzane. Idan bayan an goge ka ji 'yan ramuka a ƙarƙashin farce, ƙarfen wurin ya tafi ke nan, ba ya dawowa, iyaka dai a tsayar da ci gabansa. Idan kuwa ramukan a cikin bututu suke, ko a mazaunin harsashi, kada ka harba ta sai gwani ya auna ya ce babu haɗari.

Harsashi ba a shafa masa mai ko kaɗan, domin mai yana iya kutsawa ya kashe maɓallin gindinsa ko ya jiƙa albarushin, kuma harsashi mai santsi yana ƙara wa ƙarfen da ke tokare bayan harsashi a cikin bindiga nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Wurinsa shi ne akwati mai robar toshe iska a murfi, da ƙunshin silika a ciki, a kulle shi dabam da bindiga, kamar yadda dokokin ƙasashe da dama suka tanada. Kwalin takarda da harsasan farauta ke zuwa a ciki yana shan laima, don haka idan ka taɓa shi ka ji ya yi laushi, ka fito da su ka duba ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kumbura, ko gindinsa ya yi tsatsa, ko ya yi kore har ya ci jiki, ka ware shi, ka tambayi hukuma ko mai sayar da makamai mai lasisi yadda za a rabu da shi, kada ka jefa shi a shara ko a wuta. Wurin da ka goge a jikin bindigar kuma ka sake duba shi bayan mako guda da farin ƙyalle. Idan ƙyallen ya fito da ja, akwai sauran tsatsa a cikin ramukan, sai a maimaita jiƙawar.